DAMARGU: NAUYIN DA KE KAN MASU KULA DA DANDALIN HIRA NA SALULA

Idan kaka ta yi a ƙasar Damargu, hankalin hukuma da na sarakuna yakan koma kan abu guda, watau saukowar dabbobi daga arewa tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba. Wannan damuwa ta daɗe. Tun ran 26 ga watan Mayu na shekara ta 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, kuma iyakar nan ta ratsa wannan yanki ne, inda gonar gero da wurin kiwo ke maƙwabtaka. Abin da ya sake a zamanin nan shi ne saurin labari. A da, idan shanu suka yi ɓarna a wata gona ta ƙasar Gangara, sai ranar kasuwa mutanen Tarka za su ji, kuma kafin nan mai gari ya riga ya tura dattawa sun kimanta ɓarnar. Yau kuwa saƙon murya na minti ɗaya ya isa. Kafin maganar ta kai ga mai gari, an saurare ta a Tanut da Belbeji da Damagaram, har ƴan ci-rani da ke Agadas da Kano da Libiya sun ji, kowa kuma ya ƙara nata gishiri.

Tsakanin wannan saƙo da kunnuwan ɗaruruwan mutane akwai mutum ɗaya, wanda jama'a ke kira admin, watau mai kula da gurup. Babu wanda ya naɗa shi, babu wanda ke biyansa, ba a kuma taɓa koya masa aikin a makaranta ba. Galibi shi ne kawai ya buɗe gurup ɗin, ya zuba lambobin mutanen garinsu, sai wata safiya ya tashi ya tarar ya zama alƙali.

Tanut tana da nisan kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, bisa hanyar Agadas. Belbeji, wadda aka ɗaga zuwa matsayin gunduma a shekara ta 2011, tana yamma da ita. Ƙasa ce mai faɗi, garuruwa da ruggage a warwatse, kuma wanda ya iya karatu da rubutu bai kai wanda bai iya ba yawa. Shi ya sa WhatsApp ya samu karɓuwa fiye da sauran hanyoyi: ba ya buƙatar alƙalami, baki ya isa. A nan ne ake cigiyar raƙumin da ya ɓata, ake tambayar kuɗin tiyar gero a Bakin Birji, ake sanar da rasuwa da suna, ake tara gudummawar gyaran famfo. Ƴan asalin gari ɗaya suna da nasu gurup, dillalan bisashe suna da nasu, malaman lakwal da ma'aikatan kiwon lafiya haka nan.

Aikin yana da kaka

Dattawan da suka yi zamanin Rediyo-kulob za su gane wannan aiki da wuri. An kafa ƙungiyar Rediyo-kulob ta Nijar a shekara ta 1962. Akan ba mai jagorancin kulob, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, akwatin rediyo da na'urar ɗaukar magana. Jama'a su taru da dare su saurari shiri a kan noma, ko lafiya, ko haraji. Bayan nan ya buɗe mahawara, ya ba wannan dama, ya dakatar da wancan idan ya zarce, ya ɗauki ra'ayoyi a faifai ya aika Yamai. Daga baya, cikin shekarun 1990, fadodin samari suka bazu a Damagaram, kowace da sunanta, da shugabanta, da dokokinta na wanda zai zauna da wanda za a kora.

Sai dai akwai bambanci babba. Mai jagorancin kulob yana ganin fuskar mai magana, ya san ubansa, kuma magana tana ƙarewa idan taro ya watse. A gurup taro ba ya watsewa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ta salula kuwa, bayan ta fita, har kwafinta ake yi.

Gidan haya

Ya kamata mai karatu ya san iyakar ikon admin. Tun shekara ta 2018 yana iya rufe bakin gurup, ya zama masu kula kaɗai ke aika saƙo. Tun 2022 yana iya share saƙon wani daga wayar kowa, kuma gurup ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024. Yana iya shigar da mutum, yana iya fitar da shi. Ikonsa ke nan. Gidan ba nasa ba ne, na kamfanin Meta ne da ke Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wanda ya sayi WhatsApp a shekara ta 2014, lokacin yana amsa sunan Facebook. Kamfanin ne ke sa doka, shi ke sake ta. A watan Janairu na 2019, bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya, ya hana tura saƙo ɗaya zuwa wuri fiye da 5 a lokaci guda, kuma bai yi shawara da kowa a Tanut ba. Ran 4 ga Oktoba na 2021, wani kuskure a injunansa ya tsayar da WhatsApp da Facebook da Instagram wajen awa 6 a duniya baki ɗaya. A maƙwabciyarmu Nijeriya, gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, duk wanda ya gina jama'arsa a can ya rasa wurin zama har tsawon wata 7.

Irin wannan dogaro ga kamfani ɗaya shi ya sa wasu masana kwamfuta suka nemi wata hanya. A shekara ta 2016 wani saurayi a ƙasar Jamus, Eugen Rochko, ya fito da Mastodon. A ido ya yi kama da Twitter, amma ginin cikinsa dabam yake. Kowane dandali na intanet yana zaune ne bisa wata babbar kwamfuta mai ajiye saƙonni, wadda ake kira uwar garke. A Facebook, dukkan uwayen garke na kamfani ɗaya ne. A Mastodon kuwa, kowa na iya kafa tasa: jami'a, ko jarida, ko ƙungiyar manoma, ko mutum shi kaɗai. Uwayen garken nan suna magana da junansu ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta duniya, W3C, ta amince da ita a watan Janairu na 2018. Wanda ya yi rajista a wata uwar garke yana iya bin wanda ke wata, kamar yadda mai layin Airtel ke kiran mai layin Moov ko na Zamani. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a kan dalar Amurka miliyar 44, a watan Oktoba na 2022, mutane masu ɗimbin yawa suka yi ƙaura zuwa wannan tarayya.

Mastodon bai yaɗu a ƙasarmu kamar WhatsApp ba. Amma darasin da masu riƙe da shi suka koya cikin ƴan shekarun nan ya shafi kowane admin na Damargu, domin su an danƙa musu gidan ne dungurungum, har da ɗawainiyarsa.

Rijiya mai mai ita, da rijiyar kowa

Makiyayin Tenhiya ko na Tarka ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan tsari, don ya san shi a bakin rijiya. Rijiyar gargajiya tana da waɗanda suka gina ta. Su ke fara shayarwa, su ke tsara layi, kuma baƙon da ya iso da garkensa ba a hana shi ruwa, amma sai ya yi sallama, an ba shi lokaci, an gaya masa kwana nawa zai yi. Ta haka mai rijiya ke kare ciyawar da ke kewaye. Dokar karkara ta shekara ta 1993 ta tabbatar da wannan al'ada: ta ba makiyaya haƙƙin fifiko a mazauninsu na asali, ba tare da ta ba su ikon kange wasu ba. Da hukuma ta shiga gina manyan rijiyoyin siminti da tashoshin famfo a yankin kiwo, musamman bayan kafa OFEDES a shekara ta 1963, an samu ruwa mai yawa, kuma niyyar alheri ce. Amma da yake na kowa ne, babu mai cewa wane ya dakata; sai garkuna suka yi cincirindo, ciyawa ta ƙare a kewaye, mai ƙarfi ya riƙa shan gaban mai rauni.

Uwar garke ta Mastodon irin rijiyar farko ce. Mai ita yana rubuta dokokinsa a bakin ƙofa, wanda ya shiga ya yarda da su. Idan wani ya kai ƙara a kan wani saƙo, ƙarar tana zuwa wurin masu kula, su duba. Suna iya gargaɗi, suna iya share saƙon, suna iya taƙaita mutum ta yadda sai masu binsa kaɗai za su gan shi, suna iya korarsa. Wanda bai gamsu da hukuncin gidan ba yana da ikon ƙaura zuwa wata uwar garke tare da masu binsa, ko da yake tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa binsa.

Babban makami kuwa shi ne yanke hulɗa da wata uwar garke gaba ɗayanta. An ga amfaninsa a watan Yuli na 2019, sa'ad da Gab, wani dandalin Amurka da ya yi suna wajen maganganun ƙiyayyar launin fata, ya ɗauki manhajar Mastodon ya shigo tarayya. Babu shugaban da zai kore shi, tun da tarayyar ba ta da shugaba. Sai masu uwayen garke, ɗaya bayan ɗaya, suka rufe masa ƙofa, har ya zama saniyar ware. Amma fa makamin nan kaifi biyu gare shi. Idan masu gida biyu suka ɓata, ɗaya ya yanke hulɗa, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sai su wayi gari sun rabu da abokansu. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

A shekara ta 2019 ɗin dai aka tsara wani alkawari wanda mai uwar garke zai ɗauka kafin a sa shi cikin jerin waɗanda ake nuna wa sababbin shiga. Sharuɗɗa 4 ne: ya tsaya da gaske wajen hana wariya da cin mutuncin mutane, ya riƙa ajiye kwafin kayan gidan kowace rana, ya kasance akwai aƙalla wani mutum na biyu mai riƙe da mabuɗi saboda larura, idan kuma zai rufe, ya sanar da jama'a da wata 3. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiyar ƙauye zai ga hikimar sharaɗi na uku.

Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne, kuma ba kuɗi ne kansa ba, don hayar ƙaramar uwar garke ƴan jikkuna ne a wata. Gajiyar zuciya ita ke kayar da mutane. A watan Fabrairu na 2023 mai wata uwar garke da ake kira mastodon.lol, mai ɗauke da dubban mutane, ya ba da sanarwar zai rufe, bayan wata gardama a kan wasan kwamfuta ta koma zagi da cin zarafi a kansa. Ya cika alkawarin wata 3, ya rufe. A shekarar dai, ƴan sandan FBI na Amurka suka shiga gidan ɗaya daga masu kula da Kolektiva.social saboda wani bincike da bai shafi dandalin ba, suka tafi da kwamfutarsa, alhali tana ɗauke da kwafin bayanan mutanen gidan a buɗe. A nan akwai abin lura ga ma'aikatan hukuma: saƙon sirri na Mastodon ba a kulle yake ba kamar na WhatsApp, mai uwar garke na iya karanta shi idan ya so. Amanar da ake ba kamfani a can, a nan mutum ake ba. Har ƙungiyar IFTAS, wadda aka kafa domin taimaka wa masu kula da kayan aikin gano munanan hotuna, ta rage ayyukanta a shekara ta 2025 saboda rashin kuɗi.

Abin da na nesa ba zai gane ba

To, idan aikin yana da wuya haka, me ya sa ba za a bar wa kamfanoni ba? Amsar tana cikin harshe. A Damargu ana Hausa, ana Tamajak, ana Fillanci, ana Barbarci, ana Larabci, wani lokaci a cikin saƙo ɗaya. Manyan kamfanoni suna ɗaukar masu tace saƙonni a wurare masu nisa kamar Nairobi ta ƙasar Kenya, inda fiye da 180 daga cikinsu suka kai ƙara kotu a shekara ta 2023 a kan sallamarsu daga aiki. A WhatsApp ma, tun 2016 saƙonni a kulle suke tafiya, kamfanin ba ya jin abin da ake faɗa sai wani ya kai ƙara. Ashe ko an so ko an ƙi, alƙalancin yau da kullum yana hannun ɗan gari.

A ɗauki wasan taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a shekara ta 2014. Idan Bafillace ya ce wa Babarbare bawansa ne, wancan ya rama da abin da ya fi haka, mai tacewa na nesa zai ga cin mutuncin ƙabila, ya share. Ɗan gari ya san zumunci ne ake ƙullawa. A gefe guda kuma, mutum na iya aiko da magana mai laushi, babu zagi ko ɗaya a cikinta, ya ce kawai baƙin da suka sauka gabas da gari a bara ma su ne, jama'a su kwana da shiri. Babu na'urar da za ta ga laifin wannan jumla. Wanda ya san gabas da gari, ya san su wa ke can, ya san kuma abin da ya faru bara, shi kaɗai zai ji ƙaurin hayaƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga kuma wahalar murya. Rubutu ana iya duba shi da ƙiftawar ido, ana iya sa na'ura ta tsinto wata kalma. Saƙon murya sai an saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma sau da yawa dafin yana minti na huɗu, bayan doguwar sallama da addu'a. Admin da ke da gona, ko aji, ko shago, wanda rezo ke zo masa yana ɗaukewa, wanda ke sayen mega da kuɗin aljihunsa, ba zai iya sauraren saƙo 200 a yini ba.

Abin da ake tsoro kuwa an riga an gan shi. A watan Oktoba na 1991, tun babu salula, rikicin manoma da makiyaya a Toda ta jahar Maradi ya ci rayuka fiye da 100. A shekara ta 2018 ƴan sandan jihar Filato ta Nijeriya sun shaida wa BBC cewa hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook, waɗanda aka ɗauko daga wasu wurare dabam, sun taimaka wajen rura wutar kashe-kashen watan Yuni na shekarar. Hoton saniyar da aka sare ba ya ɗauke da sunan gari ko kwanan wata. Wanda aka ɗauka a wata ƙasa shekara 5 da suka wuce yana iya dawowa da sunan Olelewa.

Doka, da abin da ke hannun mai kula

Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta ran 3 ga Yuli na 2019 ta hukunta wanda ya ƙirƙiro, da wanda ya miƙa wa wasu, da wanda ya yaɗa bayanin da zai iya ta da hankalin jama'a. Watau cewa "ni ma turo mini aka yi" ba ta wanke mutum. A shekara ta 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma dokar ran 7 ga Yuni na 2024 ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan abin da ke ta da zaune tsaye, ban da tara ta miliyoyin sefa. Masu koyarwa a ajin yaƙi da jahilci za su yi wa ɗalibansu babban taimako idan suka karanta musu wannan da Hausa.

Kada kuma a ɗauka uwar garke ta gida maganin kome ce. Ita ma sai da layi take aiki. Lokacin da aka katse intanet na salula wajen kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu na 2021, da mai Mastodon da mai WhatsApp duk ɗaya suka zama. Mastodon kuma ya fi karkata ga rubutu, alhali Damargu da baki take hira. Abin da ya cancanci aro daga gare shi tun yanzu shi ne ladabin aikin, kuma ba ya buƙatar sayen kome.

Gurup ɗin da ya san ciwon kansa yakan faɗi dokokinsa tun farko, da murya, cikin harsunan mutanensa, a maimaita wa duk sabon shiga. Mai kula ba ya zama shi kaɗai. Idan gurup ya haɗa manoma da makiyaya, ya dace kowane ɓangare ya ga nasa a cikin masu riƙe da mabuɗi, don hukuncin share saƙo ya fi karɓuwa daga bakin ɗan'uwa. Akwai kuma matakai kafin kora: a kira mutum a keɓe, a ce masa "Malam wane, don Allah janye wannan, ba mu tabbatar ba", domin wanda aka kunyata a gaban mutum 500 yakan je ya buɗe nasa gurup ne, ya tafi da masu zafin kai, a rasa mai jin abin da suke ƙullawa. A nan WhatsApp ya gaza Mastodon, don masu uwayen garke suna iya aika wa juna ƙara, amma admin na gurup ɗin Gangara ba shi da hanyar sanin abin da ke yawo a na Falanko sai in yana da lambar takwaransa. Ya kamata ya neme ta tun kafin kaka.

Idan labarin ɓarna ko na faɗa ya faɗo, rufe bakin gurup na ƴan awoyi ba zalunci ba ne. A cikin awoyin nan mai kula zai kira mai garin da abin ya shafa, ko wakilin makiyaya, ko ɗan kwamitin kula da filaye, wanda ake kira Kofo, ya ji gaskiyar magana, sa'an nan ya buɗe da bayani ɗaya mai sunan wuri da rana. Haka nan ranar sakin gonaki, wadda hukuma ke tsayarwa kowace shekara bayan shawara da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya: bai kamata ta shiga gurup da "an ce" ba. A ɗauki hoton takardar mai ɗauke da hatimi da sa hannu, a karanta ta da Hausa, da Fillanci, da Tamajak, a sake turo ta kowace ranar kasuwa har dabbobi su gama sauka.